Daga Tashar Ƙaura Zuwa Bulala Tamanin: Tarihin Lasin Giya A Arewacin Zamfara

Mai karatu, na san ka sha ganin wannan fitowar a finafinan mu na Hausa. Yaro ne ɗan gidan mutunci, sai ya haɗu da miyagun abokai. Darakta ba ya buƙatar dogon bayani don ya nuna maka yaro ya lalace. Kawai sai ya kai shi otal, ya zaunar da shi a kan farar kujerar roba, ya dire masa koriyar kwalba a gaba. Ko da ruwan shayi ne a cikin kwalbar, kai dai ka gama fahimta. Haka abin ya ke a littattafan mu na hikaya. Da zarar marubuciya ta ce maigida ya fara hira a otal, ya na dawowa ya na tangaɗi, to ka san aure ya zo gargara.

To amma ka taɓa tambayar kan ka me ya sa kullum sai a otal? Kuma me ya sa gidan sinima da makaɗi da ɗan wasa su ka daɗe su na shan kallon 'yan bariki a ƙasar Hausa? Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wata 'yar takarda da ta yi aiki sosai wajen raba gari da bariki, ita ce lasin sayar da giya. Don mu ga yadda ta yi wannan aiki, zo mu bi layin dogo har inda ya tuƙe, wato Ƙauran Namoda, mu leƙa maƙwabtan ta Zurmi da Shinkafi.

KAFIN ZUWAN TAKARDA

Wannan yanki ba baƙon wa'azi ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar ya na karantarwa a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi. A littafin sa Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamanin da su har da cin abin da su ka ga dama da shan abin da su ka ga dama, ba ruwan su da halas ko haram. Da jihadi ya tashi, Fulani Alibawa na Zurmi su na cikin waɗanda su ka tsaya wa Shehu. Daga cikin su ne aka samu Muhammadu Namoda, jarumin da ya taka rawa wajen cin birnin Alƙalawa a 1808, wanda kuma sunan sa garin Ƙaura ke ɗauke da shi har gobe. Kufan Alƙalawar ma ba shi da nisa da Shinkafi.

Saboda haka a ƙarni na 19 babu wata maganar lasin a nan. Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, ya na cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke aiki da su. Maguzawa kuwa, a ƙauyukan su, su na dafa burkutun su da dawa, su sha a bikin su da gayyar su. Iyakar da ke akwai a lokacin ta addini ce, kowa ya san ɓangaren da ya ke. Ba wanda ke zuwa ofis ya biya kuɗi a ba shi izinin sayarwa.

TURAWA SUN JA LAYI

Labarin takardar ya faro ne daga nesa, a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam. A 1890 manyan ƙasashe su ka sa hannu a wata yarjejeniya a can, wadda babban maƙasudin ta shi ne hana cinikin bayi, amma ta haɗa da batun bindigogi da barasa. An amince cewa a yankunan Afirka da barasar Turai ba ta riga ta yaɗu ba, musamman saboda addini, to a hana shigar da ita. Ƙasar Arewa ta faɗa cikin wannan rukuni. Da Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa a 1900, ya ci Sakkwato a Maris 1903, sai ya riƙe wannan hani. Ya yi daidai da alkawarin da ya yi wa sarakuna na cewa ba zai taɓa addini ba.

A Kudu kuwa labarin daban ne. Can jiragen ruwa ke sauke akwatunan barasar jin daga Holan da Jamus, har ta kai a wasu kasuwanni da kwalbar jin ake ciniki kamar kuɗi. Kuɗin fiton wannan barasa shi ne babban abin da ke cika baitulmalin gwamnatin Kudu. Ita kuwa gwamnatin Arewa kullum cikin giɓi ta ke, sai an tallafo mata daga Landan da kuma Kudu. Wannan na cikin dalilan haɗe ƙasar a 1914. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kan ta.

A 1917 aka yi dokar giya ta Nijeriya baki ɗaya. Dokar ta kasa ƙasar kashi uku: yankin da aka hana, yankin da ake sayarwa da lasin, da yankin da aka taƙaita. Lardin Sakkwato, wanda Ƙaura da Zurmi da Shinkafi ke ciki, ya na yankin hani. Sai dai kada kalmar hani ta ruɗe ka. Ba cewa aka yi kwalba ba za ta shigo ba sam. Cewa aka yi kada a sayar wa ɗan ƙasa barasa. Bature na shan abin sa a gida da kulob. Akawu ko ma'aikacin jirgi da ya zo daga Kudu ko Saliyo, shi kuma sai ya nemi takardar izini. Burkutu kuwa an bar ta ga wasu dokoki na daban da hukumomin En'e ke kula da su. Wato dai dokar ba ta tambayar mene ne a cikin kwalba kawai, ta na tambayar wane ne kai, kuma a ina ka ke zaune.

LASIN IRI-IRI

A nan ne abin ya ke da ban sha'awa. Dokar, tare da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ba lasin guda ta tanada ba. Akwai na mai sayar da sari, akwai na mai sayar da ɗai-ɗai. Akwai na wanda za a sha a shagon sa, akwai na wanda sai dai a saya a tafi da ita. Akwai lasin otal, akwai na kulob, wanda 'yan ƙungiya kaɗai ya shafa. Akwai lasin tashar jirgin ƙasa, har da na taragon cin abinci da ke cikin jirgin. Sannan akwai lasin wucin gadi.

Kowane lasin a ɗaure ya ke da abu uku: sunan mai shi, ginin da aka ba shi domin sa, da sa'o'in da aka yarda ya buɗe. Shekara-shekara ake sabunta shi, kuma 'yan sanda ko maƙwabta na iya kai ƙorafi a hana. Ma'anar wannan ita ce, mai gidan abincin da ke da lasin ba shi da ikon ya kwashi kwalabe ya kai wani fili don an ɗauke shi aikin ciyar da 'yan liyafa. Lasin sa na ginin sa ne, ba ya bin sa waje. In ana sukuwa ko rawar Turawa ko wani taron shagali, sai an nemi lasin wucin gadi, wanda ke ambata wurin da ranakun da lokacin, kuma 'yan kwanaki ƙalilan ya ke yi ya mutu. Wannan tsari Turawa daga gida su ka zo da shi. Har yanzu a Ingila, a ƙarƙashin dokar su ta 2003, mai shirya ƙaramin taro da za a sayar da giya sai ya sanar da hukuma a rubuce, kuma izinin ba ya wuce mutum 499 da kwana bakwai.

Ka lura da wani abu, mai karatu. Duk wuraren da aka lissafa, otal, kulob, tasha, filin shagali, wuraren cin abinci ne da nishaɗi na zamani. Babu ɗayan su da ke cikin tsohon gari. Doka ta tattara abincin sayarwa na zamani da kiɗa da rawa da kwalba ta zuba su a kwando ɗaya, ta ajiye kwandon a bayan gari.

JIRGI YA ISO ƘAURA

Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 don baƙin da su ka biyo shi. Daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Dalilin sa gyaɗa da auduga da fatu. Ƙaura ta zama bakin ruwa: amfanin gonar ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa, da wanda ke gangarowa daga iyakar ƙasar Faransa, nan ake tara shi a loda. Hanya ɗaya ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina, ɗaya ta bi ta Shinkafi, mai babbar kasuwa, zuwa Isa da Sabon Birni.

Jirgi ba kaya kaɗai ya ke ɗauka ba. Duk garin da ya tsaya sai ka ga akawuna da direbobi da makanikai da 'yan kwadago da masu kanti, da yawan su ba Musulmi ba, wasu kuma Musulmin ne amma sun yi nisa da idon iyaye. Su na buƙatar wurin kwana da wurin cin abinci da wurin hira. Haka unguwannin baƙi su ka tsiro a gefen tashoshi, daga Zariya har Gusau har ƙarshen layi. Kuma layin dogon nan shi ya zama babbar kafar da barasa ke silalowa Arewa a ɓoye, domin wanda ke da izinin sayen kwalba biyu ba ya rasa wanda zai sayar wa ɗaya. Daga farkon shekarun 1930 kuma sai dafa ogogoro a ɓoye ya yaɗu a Kudu, ita ma ta biyo jirgi.

A nan kalmar bariki ta samu sabuwar ma'ana. Asalin ta mazaunin soja da Turawa ne. Amma a bakin Bahaushe sai ta koma nufin duk wata rayuwa da ta fita daga ikon gida da malam da sarki. Ɗan bariki, matar bariki, wayon bariki, duk daga nan su ka fito.

SINIMA TA FAƊA KWANDO

To ina ruwan ɗan fim da wannan? Da ruwan sa, har da tsaki. Lokacin da sinima ta zo, ba a cikin birni aka ajiye ta ba. Sinimar Rex, wadda 'yan kasuwa Kwarori su ka buɗe a Kano a 1937, a waje ta ke, bayan ganuwa, fili ne marar rufi, kuma tun a tsarin ginin ta akwai mashaya. Wato tun ran farko majigin kasuwa da kwalba maƙwabta ne. Zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Da gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta Kano ran 13 ga Mayu, 1951, mutum 331 su ka rasu, jama'a da dama ba su ɗauke ta haɗari kawai ba, cewa su ka yi sakayya ce.

Adabin mu ma ya rabu a kan wannan layi. Malam Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya yi Waƙar Giya ya na faɗakarwa a kan illar ta, kuma ɗalibai da dama sun karance ta a makaranta. A ɗaya ɓangaren ga Alhaji Mamman Shata, wanda otal-otal da kulob-kulob na garuruwan jirgi su na cikin manyan dandalin sa, kuma waƙar sa da ta fi jawo masa ce-ce-ku-ce da malamai a kan mashaya ya yi ta. Ɗaya na magana da yawun gari, ɗaya na rera rayuwar bariki yadda ya gan ta. Duk Hausa ɗaya su ke yi, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke sauraren su duka.

BAYAN MULKIN KAI

Da aka zo miƙa mulki, gwamnatin Sardauna ta kawo kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Finalkod, wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 403 ya ce Musulmin da ya sha abin da ke da barasa ba don magani ba, ana iya ɗaure shi har wata ɗaya, ko a ci shi tarar da ba ta wuce fam biyar ba, ko a haɗa masa duka. Kundin ya kuma bar ƙofar yi wa Musulmi bulalar haddi, wadda aka tsara ta don kunyatarwa fiye da azabtarwa. Amma a lokaci guda dokar lasin na nan daram. A 1963 ma aka buɗe kamfanin yin giya a Kaduna, hedikwatar Arewa.

Ka ga an zauna da doka biyu a gari ɗaya. Mai otal na da takardar gwamnati da ta halatta masa sayarwa, shi kuma mai saye, in Musulmi ne, ya yi laifi da ya kurɓa. Hukuma na karɓar kuɗin lasin da hannun dama, ta na riƙe da bulala a hannun hagu. A haka aka yi shekara arba'in, daga Jihar Arewa zuwa Jihar Arewa Maso Yamma, zuwa Jihar Sakkwato. Cikin wannan zamani Ƙaura ta ƙara samun baƙi da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983, ko da ya ke harkar jirgin ƙasa ta riga ta fara ja da baya.

RANAR DA AKA YAGE TAKARDA

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996. Shata ya rasu ran 18 ga Yuni, 1999. Bayan wata huɗu, ran 27 ga Oktoba, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, a gaban taron da garin bai taɓa ganin irin sa ba. Kundin hukunci ya fara aiki ran 27 ga Janairu, 2000. Musulmin da aka tabbatar ya sha giya, bulala tamanin. An kuma tanadi hukunci ga mai dafawa da mai dako da mai sayarwa. Aka rufe mashaya. A 2003 aka kafa hukumar Hisba da doka.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi. A jeri ɗaya ya ambaci kula da gidajen abinci da gidajen burodi da shaguna, sannan ya ambaci ba da lasin da kula da sayar da giya. Wato majalisun Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su ne tsarin mulki ya ɗora wa wannan aiki, a ƙarƙashin dokokin jiha. Batun giya ba ya cikin abubuwan da aka keɓe wa gwamnatin tarayya. Shi ya sa jiha ke iya rufe ƙofar lasin ba tare da ta nemi izinin Abuja ba, kuma shi ya sa mai gidan abinci a Legas da takwaran sa na Ƙaura ke ƙarƙashin ƙa'idoji mabambanta, alhali ƙasa ɗaya su ke.

Da aka tashi zubar da kwandon nan na Turawa, ba a tsaya tsince abin da ke ciki ba. Gidajen sinima ma an rufe su a Zamfara. A Kano, cikin Disamba 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da shirya finafinai da nuna su, sai da aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 sannan harka ta dawo. 'Yan fim na lokacin, waɗanda akasarin su ba su taɓa riƙe lasin giya ba, sun biya bashin maƙwabtakar da aka ƙulla tun 1937.

INA TA KOMA?

Ba shakka rufe mashaya ya canza fuskar garuruwa, kuma akwai matan aure da 'ya'ya da su ka ga amfanin sa a tukunyar gidan su. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Kasuwannin mami na barikin soja, da ya ke filin gwamnatin tarayya ne, sun ci gaba da harkar su. Wasu masu mashaya da matan bariki su ka tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Nijar, a kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, inda doka ba ta hana ba. Can ɗin ma ba a kwashe lafiya ba, domin a Nuwamba 2000 masu zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafin zamani na FIMA sun far wa mashaya a Maraɗi. Ka ga bariki ba ta mutu ba, matsawa ta yi.

Duniya ta san irin wannan. Amurka ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, abin da ya haifar da 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone, waɗanda Hollywood ta yi ta cin abinci da labarin su. Jihar Gujarat ta Indiya na da dokar hani tun 1960, kuma a kan fasa-ƙwaurin giya a can aka gina fim ɗin Raees na Shah Rukh Khan a 2017.

Tsohuwar maganar kuɗi ma ta dawo. Tun da aka fara karɓar harajin VAT a 1994 ana tara shi a raba wa jihohi, wasu 'yan Kudu ke ƙorafin cewa jihohin da ke fasa kwalabe na karɓar kaso daga harajin giya. Rigimar ta yi zafi a 2021 lokacin da kotu ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Ribas ta shigar a kan batun karɓar harajin. Wanda ya san labarin 1914 ba zai yi mamaki ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da ya zo ba shi da wari, ba ya buƙatar otal, ba ya neman lasin. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A Mayu na wannan shekarar gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani fim ɗin bincike na BBC ya tona yadda ake sayar da shi. Kodin da tiramol sun shiga inda kwalba ba ta taɓa shiga ba, har ɗakunan matan aure. Mutanen Zurmi da Shinkafi, waɗanda su ka shafe shekaru fiye da goma su na fama da 'yan bindigar daji, ba sai an ba su labarin abin da yaro mai bindiga ke aikatawa in ya haɗiyi ƙwaya ba.

Saboda haka, mai karatu, in ka sake ganin koriyar kwalbar nan a fim, ka tuna tarihin ta. Turawa ne su ka ajiye ta a otal da takarda, su ka zaunar da sinima kusa da ita, mu kuma mu ka gaji zargin. Kira na ga marubutan mu da daraktocin mu shi ne su daina neman lalacewa a otal kaɗai. Yau ta na cikin aljihun ɗan makaranta da jakar amarya, a tsakiyar gari, inda babu wata takarda da za a soke. Wanda zai ba da labarin zamanin nan da gaskiya, can ya kamata ya kai kyamarar sa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, amin.